Mista Finch da Rubutun Katangar Teku

Ranar da Tsoho Ned ya ce maƙogwaronsa ya gaji, zai ajiye aikin shelar gari, Mista Aubrey Finch ya dawo gida ya tsaya gaban madubi yana gwada yadda jan kwat zai zauna masa. Kwat ɗin ba ya hannunsa, ba kuma wanda ya ce za a ba shi, amma shi a ransa magana ta ƙare. A Tregarrow mai shela shi ke sa jan kwat mai maɓallan tagulla da hula mai kusurwa uku, ya tsaya bakin tashar jiragen ruwa ya kaɗa ƙararrawa, ya faɗi wanda ya yi aure da wadda ta haihu da ranar da za a rufe hanya. 'Yan yawon buɗe ido su yi ta ɗaukarsa hoto. Wannan ɗaukar hoton ita ta fi tsaya wa Mista Finch a rai.

"Glenda, zo ki ga kafaɗa," ya ƙwala wa matarsa kira. "Wannan kafaɗar ai don kwat aka yi ta."

"Kafaɗar da ko kwandon wanki ba ta ɗauka?" in ji Glenda daga kicin. "Ka dai san Dot ma tana nema."

"Dot? Mai kifi? Matar da ke haɗiye rabin kalma ta tofar da rabi?"

"In ta yi magana a kasuwa ana ji a maƙabarta."

"Murya ai ko jaki yana da ita. Abin da garin nan ya rasa shi ne mai tsaron harshe."

Daga Landan suka zo bayan ya yi ritaya. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi sai ya ji cewa ya yi aiki da manyan 'yan jarida. Gaskiyar maganar, mai duba kurakurai ne a wata maɗaba'a da ke buga littafin tallan irin kabeji da wake. Tun zuwansa bai bar allon kowa ya huta ba. Da alli yake yawo a aljihu. Ya gyara allon mai burodi, ya gyara na mashaya, har sanarwar ɓatan kyanwar wata tsohuwa ya cire daga jikin falwaya ya mayar mata da jan biro a kai. Mutane su ce masa sun gode, in ya juya baya su goge.

Babban abin da ke ci masa rai kuwa yana jikin katangar tasha, ta ɓangaren da ke fuskantar teku. Tun zamanin kakanni aka rubuta shi da farin fenti, manyan baƙaƙe, don masunta masu dawowa su hango tun daga nesa: Tregarrow, tashar da fitilarta ba ta mutuwa. A cikin rubutun, da yake da Turanci aka yi shi, akwai 'yar kalmar nan whose, wadda ake nuna mai abu da ita. Wani malami mai saurin hannu ya dasa wa Mista Finch a ka tun yana ɗan makaranta cewa kalmar ta mutane ce kawai. Mutum in yana da hula, a yi masa whose. Amma tebur ko itace ko tasha, sai a zagaya ta bayan gida a ce of which. Duk ƙasar kowa yana faɗin yadda bakinsa ya kama, manya da yara, ba wanda ya taɓa rasa abincin dare a kan haka. Shi kaɗai ne in ya hau jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya hango katangar sai ya dafe ƙirji.

Majalisar gari ta tsayar cewa ranar bikin tasha za a zaɓi sabon mai shela, a kan katangar, da tsakar rana. Kowane mai nema ya fito ya yi shelarsa a ji. Nan take dabara ta faɗo wa Mista Finch. Zai gyara rubutun da safiyar ranar, sannan shelarsa ta farko ta zama albishir ga gari cewa an wanke masa tsohon abin kunya. Har ya ji tafin a kunnensa.

Da yake ba ya iya riƙe magana, a mashaya ya fara fesa ta. Dot Trewin tana zaune da kofinta, hannuwanta jajur saboda ƙanƙarar kifi.

"Tsaya, Mista Finch," ta ce. "Tashar tana da fitila ko ba ta da ita?"

"Tana da ita."

"To fitilar ta wa ce?"

"Ta tasha ce. Amma tasha ba mutum ba ce, Misis Trewin. Dutse ne da siminti."

"Dutsen nan ya ciyar da kakana, ya ciyar da ubana, yana ciyar da ni. Kai wa ka ciyar?"

"Ba batun ciyarwa ake ba, batun ƙa'ida ake."

"Jirgin mijina sunan mace gare shi, kuma wallahi ya fi wasu mazan garin nan hankali. Je ka gaya masa shi ba kowa ba ne."

Mashaya ta ɗauki dariya, irin dariyarmu ta cikin kofi. Mista Finch ya gyara tabarau ya juya ga Rabaran Oates, limamin coci kuma shugaban majalisa, wanda ya shigo neman mai aron kujeru ya faɗa cikin abin da bai shirya ba. Ya tsare shi a bakin ƙofa ya zazzage masa bayani tun daga tsohon harshen Latin har zuwa lalacewar tarbiyyar yaran yanzu. Rabaran ya yi ta gyaɗa kai yana kallon agogo.

"Abin sha'awa ne ƙwarai, Mista Finch," ya ce. "Lallai abin dubawa ne. Za mu sa shi a rai."

Ko jaririn Tregarrow ya san in aka ce maka za a sa abu a rai, an binne shi ke nan. Mista Finch ya dawo gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

"Majalisa ta ba ni izini," ya ce wa Glenda.

"Da bakinsa ya ce ka je ka yi?"

"Mutum mai ilimi ba sai an tauna masa ba."

"Aubrey, rabonka da hawa tsani tun ranar da ka faɗo a kan injin wanki."

"Tsanin ne ya karkace."

Washegari ya je aron tsani wajen Tsoho Ned. Tsohon ya dube shi, ya dubi tsanin, ya dubi teku, ya sosa geminsa. A nan garin ba a ce wa babban mutum kada ka yi, rashin ladabi ne.

"Ƙasan katanga za ka?" ya tambaya.

"In ruwa ya janye. Aikin 'yan mintoci ne."

"Hmm. Wajen yakan ɗan yi laima can gaba."

"Na duba, ba hadari ko kaɗan," in ji Mista Finch yana nuna sama. Ya saɓi tsani ya juya, ƙarshensa ya share tukunyar furen Ned daga kan taga.

Safiyar biki teku ta janye can nesa, kamar yadda take yi kullum kafin ta dawo, ta bar ƙasan tasha taɓo fal, ƙananan jirage kwance a gefe guda. Mista Finch ya sauka ta matakalar dutse da takalman roba, tsani a kafaɗa, gwangwanin fenti biyu a hannu, toka-toka na shafewa da fari na rubutu, ga burodi da cuku a aljihu. A ƙarƙashin rigar aiki ya sa farar taguwarsa mai sitaci da laktaye, don yana gamawa ya haye ya karɓi kwat. Taku kaɗan ya yi taɓo ya cafke takalmin hagu. Ya ja, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana tangaɗi, sannan ya yanke shawarar cewa gwani ba ya bukatar takalma biyu.

Ya jingina tsani ya hau. Shafewa ba wuya, buroshi ya bi ta kan kalmar da ta hana shi sakat, ta ɓace. Ya ja da baya don ya more kallo, ya tuna a kan tsani yake, ya rungume shi da hannu biyu. Da ya zo rubuta gyaran ne ya ga abin da bai lissafa ba. Kalma ɗaya ya cire, biyu zai sa, kuma in an sa su dole sauran kalmomin su sauya wuri. Wurin da ya shafe ko rabinsu ba zai ɗauka ba. Sai ya shafe ta gaba. Da ya shafe ta gaba sai ya ga ta bayan ma ta tsaya a inda bai dace ba. Haka ya yi ta sauka yana matsar da tsani yana shafewa, har ya cinye rabin layin da kakannin mutane suka rubuta.

Bai jira fentin ƙasa ya bushe ba, ina lokaci? Farin ya hau kan toka-toka mai danshi ya fara zuba kamar hawaye. Ya ciro burodinsa don ya ɗan huce, wani tsuntsun teku ya kawo sura ya tafi da shi, har da ɗan yaƙushi a yatsa. Ya ɗaga buroshi ya yi wa tsuntsun barazana, fenti ya zubo masa cikin hannun riga. Ya ciro waya don ya duba lokaci, hannu na santsi, waya ta sulluɓe. Abin da ya ba shi mamaki, maimakon ya ji ta faɗa taɓo tim, sai ya ji tsulum.

Ya leƙa ƙasa. Teku ta dawo ba sallama. Ruwa ya rufe matakin tsani na ƙasa, takalminsa na can yana juyi a hankali, matakalar dutsen da ya sauko ta kai kuwa ta yi nisa, tsakaninsa da ita ruwa ne shimfiɗe. Ya ce to, sai ya haye katanga ta sama. Ya hau har matakin ƙarshe ya miƙa hannu. Ashe duk matsar da tsanin da yake yi, taɓo na haɗiye ƙafafun tsanin. Bakin katanga ya fi ƙarfin yatsunsa da kusan kamu biyu.

Sai ga kan wata tsohuwa ya leƙo daga sama, Misis Pascoe ce mai kyanwar nan, ta fito ganin biki.

"A'a, Mista Finch! Kai ne a nan? Lafiya dai ko?"

Nan fa ya kamata ya ce a kawo igiya. Amma ga rabin rubutu a shafe, ga ƙafa ɗaya da safa, ga matar da ya taɓa mayar wa sanarwa da jan biro. Bakinsa ya yi abin da bakin kowane ɗan ƙasar nan ke yi ko da gidansa na ci da wuta.

"Lafiya ƙalau, Misis Pascoe, na gode. Yau gari ya yi kyau."

"Ya yi kyau kam. Sun ce gobe za a yi ruwa."

"Haka na ji."

Ta ɗan tsaya, ta dubi ruwan da ke lasar tsanin. Ta ga dai abin bai yi mata ba, amma mutum ya ce lafiya ƙalau, shiga sha'aninsa kuma ai katsalandan ne. Ta janye kanta ta tafi.

Wani baƙo ya leƙo bayanta, ya ɗauke shi hoto, ya tambaya ko yana cikin wasannin bikin. Mista Finch ya ce a'a, amma ya gode da tambaya. Mai burodi ya leƙo ya ce, "Kana bukatar wani abu?" Ya ce ko kaɗan, kada ya wahalar da kansa. Mai burodi ya tafi da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, sanyinsa na ratsa ƙashi. Gaskiya a lokacin tsoro ya kama shi sosai, don bai iya iyo ba, ko da yake ya sha ba da labarin yadda ya ƙetare wani tafki yana saurayi.

A sama kuwa gari ya cika. 'Yan badujala suka fara busa, yara na ihu, ƙamshin soyayyen kifi na saukowa har inda yake. Sai ya ji an tsayar da kiɗa, muryar Rabaran Oates ta fito ta lasifika.

"Masu neman shela mutum biyu ne. Za mu fara da Mista Aubrey Finch. Mista Finch?"

Tsit.

"Mista Finch? Glenda, ina maigidan?"

"Ya ce zai ba gari mamaki," in ji Glenda. "Tun safe nake fargaba."

Ruwa ya kai ƙugu. Mista Finch ya ɗaga kai, ya share murya. Ga dama ta zo, ga gari duka a saman kansa, ga mutumin da ya ce an halicce shi don shela. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Gafara dai... in ba damuwa... ko wani zai ɗan leƙo?"

Ko tsuntsun da ya ci burodinsa bai ji ba. Ya sake gwadawa, ya ƙara da cewa a yi haƙuri da katse taro. Rabaran ya ce to, tunda ba ya nan, Misis Trewin ta fito.

Dot ta hau akwatin kifin da aka ajiye a bakin katanga, ta karɓi ƙararrawa, ta cika ƙirji da iska. Daga can sama idonta ya sauka kan ruwa. Ta ga wani farin abu yana yaɗuwa kamar an zubar da madara, ga gwangwani biyu na yawo, ga takalmin roba ɗaya. Ta sunkuya ta leƙa. Ta ga kai mai sanƙo da tabarau da laktaye, ruwa har ƙirji.

"Barka da rana, Misis Trewin," in ji shi, haƙora na kaɗawa.

Iskar da Dot ta tara don shela ba ta tafi a banza ba.

"MUTUM A RUWA! KU FITO DA JIRGI! FINCH NE A ƘASAN KATANGA!"

Tsuntsaye suka tashi daga rufin gidaje gaba ɗaya. Karnuka suka ɗauki haushi har bayan gari. Matuƙan jirgin ceto a Tregarrow 'yan sa kai ne, kuma dokarsu ɗaya ce, in an yi kira ka yar da abin da ke hannunka ka ruga. Mai babban ƙaho ya yar da ƙaho. Mai ganga ya fita ta cikin jama'a da gangar a wuyansa. Mai suyar kifi ya bar mai a wuta, mai burodi ya bar tire a hannun wata baƙuwa. Rabaran Oates da kansa ya tattare riga ya bi su, lasifika na ƙara a ƙasa. Biki ya watse cikin ƙiftawar ido.

Aka turo jirgin ceto da jiniya da fitilu, mutum takwas cikin rigunan ruwa, don tafiyar da ba ta kai jifan dutse ba. Duk wanda ke da ƙaramin jirgi ya kunce ya bi su kallo, jirgin yawo ma ya juyo da baƙinsa. Daga kan ruwa kuwa ba abin da ke ɓoye. Sunan gari na nan, kalmar ƙarshe na nan, tsakaninsu wani dogon shafe toka-toka, da wasu baƙaƙe da suka fara da girma suka ƙare kamar sawun kaza, da tambarin tafin hannu guda biyu inda ya dafa. Masunta suka zuba wa katangar iyayensu ido. Wannan kallon ya fi ruwan sanyi.

Da za a ɗauki Mista Finch ya ƙi sakin tsanin, wai na aro ne. Sai da mai ganga ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Da ma ina shirin saukowa," ya ce musu a cikin jirgi. "Kun dai yi ƙoƙari, amma da a Landan ne da an fi haka sauri."

"Mun gode da shawara," in ji Rabaran, yana matse ruwa daga rigarsa da ƙarfin da ya wuce bukata.

Aka naɗe shi da bargon ceto mai ƙyalli, ya fito kamar kifin da za a sa a tanda, aka zaunar da shi kan katanga da kofin shayi. Glenda ta zo ta taɓa fuskarsa da hannu biyu, ta tabbatar da ransa, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ja kujera ta zauna ɗan nesa da shi.

Majalisa ba ta ko zauna ba. Tsoho Ned ya cire jan kwat ya ɗora wa Dot a kafaɗa, ya kifa mata hula. Hannun kwat ɗin ya yi mata gajere, maɓallan ba su haɗu ba, amma tafin da aka yi sai da ya girgiza kofin da ke hannun Mista Finch. Ya kalli kwat ɗin, ya kalli safarsa.

A al'adar garin, duk ceton da jirgi ya yi, mai shela ke sanar da shi a ranar, da sunan wanda aka ceto. Dot ta kaɗa ƙararrawa.

"Ku saurara! Ku saurara! Yau da tsakar rana Mista Aubrey Finch ya faɗa ruwa..."

Hannu ya fito daga cikin bargo mai ƙyalli, yatsa a sama. Glenda ta rufe ido.

"Gafara, Misis Trewin. Ba faɗawa na yi ba."

Dot ta sauke ƙararrawa a hankali. "To, Mista Finch, kai ne masanin magana. Yaya zan ce?"

Da ya yi shiru da an wuce wurin, an manta kafin Kirsimeti. Amma an tambaye shi yadda za a faɗi abu daidai, a gaban gari duka, kuma wannan ne karo na farko da wani a Tregarrow ya tambaya. Ya miƙe zaune, ya gyara tabarau.

"Ki ce ya sauka da ƙafarsa. Ki ce ruwa ne ya zo ya same shi a kan tsani, a hankali, yana gani. Ki ce mutum uku sun tambaye shi, ya ce lafiya ƙalau. In za a yi shela, a yi ta daidai."

Dot ta dube shi kamar ta tausaya masa, sannan ta cika ƙirji ta faɗe shi kaf yadda ya tsara, ba ta haɗiye ko rabin kalma ba, ta juya gabas ta maimaita, ta juya yamma ta sake. Mutanen da suka yini suna danne dariya don ladabi suka kasa. Rabaran ya dafa katanga yana share hawaye, Misis Pascoe sai da aka ba ta kujera.

Mista Finch ya saurara har ƙarshe, kai a karkace, yana bin kowace kalma da leɓe. Da ta gama ya juya ga matarsa.

"Kin ji ko, Glenda? Ko kuskure ɗaya babu. Ni na rubuta."